Kafin Diga Ta Taɓa Ƙasa: Halin Ruwa a Inda Ake Shirin Haƙar Ma'adinai

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi bana, sai da na sake duba bayan ambulan, ko kuskuren adireshi aka yi. Waɗanda muka yi aji ɗaya da su sun san dalili. Ni ne wanda malaminmu na labarin ƙasa ya taɓa tsayarwa gaban allo ya ce in zana yadda ruwa ke tashi daga teku ya zama girgije ya dawo ƙasa, na zana wani abu da ya ce ya fi kama da tukunyar da ta kife. Ga shi can yana dariya, Allah ya ƙara masa lafiya. To Malam, yau shekara da shekaru ke nan da wannan zane nake cin abinci, domin aikina shi ne neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da auna shi.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana shi ne, kwanakin baya wani ɗan ajinmu wanda yanzu rawani ke bisa kansa ya kira ni da dare. Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka, ba zan kama suna ba. Ya ce mini wasu mutane sun zo masa da takardu daga Abuja da taswira, suna so su haƙi zinariya a bayan wani dutse da ke ƙasarsa. Sun yi alkawarin azuzuwa da ɗakin shan magani da gyaran hanya da aiki ga samari. Ya ce, me zan tambaye su? Na ce, kafin ka tambaye su bari ni in tambaye ka: rijiya nawa ce a ƙauyukan da ke kewaye da wurin, kuma a gaba nawa guga ke taɓa ruwa a watan Afrilu? Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ai shi ba ya jan ruwa. Muka yi dariya. Amma da muka yi sallama ban yi barci da wuri ba, saboda na san inda rashin wannan amsa ke kai jama'a. A cikin zauren nan akwai hakimai da kansiloli da alƙalai da manyan ma'aikata, kuma yadda neman zinariya da litiyom ya bazu a Arewa, da wuya irin wannan takarda ba ta iso teburin waninku ba.

Bari mu fara da inda ruwan yake. Da yawanmu mun taso da zaton akwai wani babban tafki a ƙarƙashin ƙasa wanda mai haƙar rijiya ke hudawa. A mafi yawan ƙasarmu ba haka abin yake ba. Daga Kano zuwa Zariya da Kaduna, da kudancin Katsina, da yawancin Zamfara har zuwa Jihar Neja, abin da ke ƙarƙashinmu tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya leƙo waje a Kufena da Kwatarkwashi. Shi kansa dutsen ba ya riƙe ruwa. Ruwan yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ya lulluɓe shi, wanda a wurare da yawa kaurinsa bai wuce mita 10 zuwa 30 ba, sai kuma cikin tsagogin da ke jikin dutsen. Shi ya sa za a haƙa burtsatse a wannan gida a sami ruwa, a matsa taku hamsin a haƙa a tashi babu ko ɗigo. Wajen Sakkwato da Barno labarin dabam ne, domin can akwai shimfiɗun yashi masu kauri da ke riƙe ruwa mai yawa, har a Barno aka yi zamanin da in an huda ƙasa ruwa ke fesowa da kansa ba tare da inji ba. Amma ƙasar da ɗan'uwanmu ke sarauta irin ta farko ce, kuma irinta ce ke ɗauke da zinariya a yankunan Anka da Maru da Birnin Gwari.

Wannan ɗan ruwa da ke cikin ruɓaɓɓen dutse ba daga ko'ina yake zuwa ba sai daga ruwan daminar da ya nitse a wurin. Kuma shi da ruwan ƙorama abu ɗaya ne. Da damina ƙorama kan cika ta shayar da ƙasar da ke gefenta, da rani kuma ƙasar ce ke mayar wa ƙorama abin da ta ranta. Duk wanda ya yi makarantar kwana a zamaninmu ya san wannan da hannunsa. In famfo ya ɗauke a watan Maris, mukan ɗauki bokiti mu tafi rafi, mu tarar babu ruwa a sarari, mu tona yashi kamar kamu biyu, mu jira ya taru. Ku tuna kuma abin da ke faruwa idan wani ƙato daga babban aji ya zo ya tona rami mai zurfi dab da naka. Kana kallo ruwanka zai sulale ya koma nasa. To wallahi duk ilmin da na je jami'a na koyo a kan ramin ma'adinai bai wuce wannan ba, sai dai girma.

Ramin haƙar zinariya na zamani yakan kai zurfin mita 50 ko 100 ko fiye, alhali rijiyar gari ba ta cika wuce gaba goma zuwa sha biyar ba. Ba a iya aiki cikin ruwa, saboda haka dole a sa injuna su yi ta zuƙe shi dare da rana, shekara da shekaru. Ruwan ƙasar da ke kewaye sai ya karkata ya nufi ramin, matakinsa ya lotsa kamar mazurari. Rijiyar da ta faɗa cikin wannan mazurari takan fara da jinkirin taruwa, sa'an nan laka, sa'an nan guga ya dawo a bushe. Fadama takan bi baya, ita da lambunan da ke cikinta. Akwai wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba. Zinariya a irin wannan ƙasa tana bin jijiyoyin farin dutsen nan na ƙanƙara, su kuwa jijiyoyin suna bin tsagogin dutse ne, watau sau da yawa hanyar da ruwa ke bi. Saboda haka lotsawar ba lalle ta zama da'ira ba, tana iya miƙewa ta bi tsaga. Ƙauyen da ke nesa amma yana kan layin tsagar yana iya rasa ruwa kafin wanda ke dab da ramin. In kamfani ya zana da'ira a taswira ya ce iyakar inda abin zai shafa ke nan, ku tambaye shi ina tsagogin suka dosa.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba. Ina sabon ma'aikaci aka tura ni wani wuri da ake shirin buɗe haƙa, in rubuta rahoton halin ruwa. Cikin watan Agusta ne. Na yi kwana biyu, na ga ƙorama tana gudu, rijiyoyi cike har ana ɗiba da gajeriyar igiya, na koma na rubuta cewa ruwa wadatacce ne, na sa hannu. Ban auna ko rijiya ɗaya ba, ban koma da rani ba. Bayan wasu shekaru hanya ta bi da ni ta wurin, na ga mata da yara da jarkoki a kai suna tafiya wani ƙauye neman ruwa. Mutanen gari suka ce ramin ne ya shanye musu rijiyoyi. Masu haƙa suka ce fari ne da yawan jama'a. Wani dattijo da ya gane ni ya kama hannuna ya ce, yaro, ai kai ka zo ka duba, gaya musu yadda rijiyarmu take a da. Ba ni da lamba ko ɗaya da zan nuna. Har gobe ban san wanda ke da gaskiya ba a cikinsu, kuma babu alƙalin da zai iya sani, domin shaidar da za ta raba gardamar ni ne ya kamata in tattara ta, ban yi ba.

Domin ku ga girman da abin ke iya kaiwa, mu ƙetara iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, arewa da Agadas. A Arlit an fara fitar da yuraniyom a 1971, aka buɗe mahaƙa ta biyu ta ƙarƙashin ƙasa a 1978, wadda aka rufe a watan Maris na 2021. Ruwan saman da ke sauka can a shekara bai kai milimita 100 ba, Kano kuwa takan sami fiye da 700. Ruwan da gari da mahaƙun ke amfani da shi tsohon ruwa ne da ya nitse cikin dutsen yashi dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara ke da dausayi. Abin da aka ɗiba ba ya dawowa a zamaninmu ko na jikokinmu. A rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010 ta ce an yi amfani da lita biliyan 270 a cikin shekara 40, ta kuma ce huɗu daga cikin samfur biyar na ruwan da ta ɗiba a yankin suna ɗauke da yuraniyom fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin bai yarda da zarge-zargen rahoton ba.

Kimanin kilomita 80 kudu da Arlit akwai Imuraren, inda aka gano yuraniyom tun 1966, ɗaya daga cikin manyan taskokinsa a duniya. A 2009 aka ba kamfanin Areva na Faransa lasisi, Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashi, da shirin fitar da tan 5,000 a shekara. Ma'adinin yana kwance a zurfin fiye da mita 100, cikin dutsen yashin da shi kansa ke riƙe da ruwa, watau ba a isa gare shi ta buɗaɗɗen rami sai an zuƙe ruwan. Kuma wannan fili makiyaya ce ta Abzinawa da Fulani, waɗanda rayuwar raƙumansu da shanunsu ta rataya a kan rijiyoyi ƙalilan. Farashin yuraniyom ya faɗi bayan haɗarin Fukushima na 2011, aka jingine aikin tsakanin 2014 da 2015, sa'an nan a watan Yuni na 2024 gwamnatin Nijar ta ƙwace lasisin daga kamfanin, wanda ya riga ya sauya suna zuwa Orano. Abin da nake so ku ɗauka a nan shi ne, lasisi yakan sauya hannu, kamfani yakan sauya suna, gwamnati takan sauya. In bayanin rijiyoyi yana cikin durowar kamfani kaɗai, ranar da ya tafi da shi zai tafi.

Duk wannan maganar yawan ruwa ce. Akwai kuma maganar lafiyarsa, wadda ta fi ban tsoro domin ido ba ya gani. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a mahaƙa wannan magana ba karin magana ba ce kawai. A cikin duwatsun da ke ɗauke da zinariya ko kwal akwai wani dutse mai ƙyalli da ake kira fairait, haɗin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne babu ruwansa da kowa. Da an fasa shi an tara a fili, iska da ruwan sama suka same shi, sai ya haifar da asid irin na ruwan batir, shi kuma asid ya narko da sauran gubar da ke cikin dutsen. An ga haka a Inugu, inda aka gano kwal a 1909. Dutsen yashin da ke saman kwal ɗin cike yake da ruwa, ruwan ya yi ta kwarara cikin ramuka, ya fito da tsami ya shiga kogin Ekulu. Alamarsa a fili ita ce jan tsatsa a gindin ƙorama da ɓacewar kifi da kwaɗi. Ƙari a kan haka akwai abin da mahaƙa ke kawowa da kansu don tace zinariya, watau zaiba a wurin ƙananan mahaƙa, da sinadarin sayanaid a wurin manya.

Ba sai na tuna muku Zamfara ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma kimanin yara 400 suka rasu saboda gubar dalma. Dutsen da ake haƙowa yana haɗe da dalma mai yawa, dangin dutsen tozali. Gaskiyar magana, ƙurar niƙan dutse a cikin gidaje ita ce babbar hanyar da gubar ta bi, ba ruwa ba. Amma kududdufan da ake wanke garin dutsen sun gurɓata, kuma buɗaɗɗiyar rijiyar da ƙura ke faɗa wa, ana kuma ajiye gugarta a ƙasa, ba ta tsira ba. Sai a 2013 aka kankare ƙasar Bagega. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ƙa'idar dalma a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita ɗaya. Malaman lissafi su duba ni: wannan daidai yake da giram ɗaya tak a cikin durom 500 masu cin lita 200. Irin wannan ba ya sauya launin ruwa, ba ya sauya ɗanɗanonsa, kuma tafasawa ba ta fitar da shi.

Ga kuma wani dalili na auna ruwa tun kafin a fara. Wani lokaci gubar tana cikin ruwan tun asali, daga dutsen wurin. In an gwada da wuri, an ceci jama'a, an kuma wanke kamfani daga laifin da ba nasa ba. Kamfanin kirki ba ya gudun wannan awo, shi ma kansa yake karewa.

Sai abin da ke biyo bayan an tashi. Wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi ya ga tafkunan da haƙar kuza ta bari. Kasuwar kuza ta rushe a 1985, manyan kamfanoni sun daɗe da watsewa, ramukan suna nan. Ba zan ce duk sharri ne ba, domin manoma suna noman rani da ruwansu, dankalin Turawa da kabeji da karas ɗin da muke saye wasunsu daga can suke. Amma suna cin mutane da dabbobi, gefensu yana zaftarewa, kuma tarin yashin da aka bari a wasu wurare yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya. Babu wanda ya zauna da kakannin mutanen wurin ya tambaye su irin ƙasar da suke so a bar musu.

To me doka ta ce? Ma'adinai mallakar Gwamnatin Tarayya ne, hakimi ba ya ba da su, ba ya hanawa. Amma bayan da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988, an kafa Doka ta 86 ta 1992, wadda ta wajabta binciken tasirin babban aiki a kan muhalli kafin a fara shi. Ana baje rahoton binciken na kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su yi ƙorafi, yawanci a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma. Sau nawa waninmu ya je ya buɗe? Dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce sai mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da al'ummar wurin kafin ya fara, kuma amfani da ruwa yana da nasa izni dabam. A cikin wannan yarjejeniya ake rubuta azuzuwa da hanya. A cikinta ya kamata a rubuta ruwa, kuma a sahun farko.

Ga abin da na gaya wa mai girma hakimi, kuma na ji daɗi ya fara. Na ce ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi da tef na awo. A zaɓi rijiyoyi a kowane ƙauye, na kusa da na nesa, musamman waɗanda ke kan layin da jijiyar farin dutse ta dosa. Ranar ɗaya ga kowane wata, da asuba kafin mata su fara ja, a auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa, a rubuta da kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu. A rubuta ranar da ƙorama ta daina gudu da ranar da ta dawo, da ranar da tafkin mashayar dabbobi ya ƙafe. A yi haka aƙalla shekara guda cur, in an sami biyu ya fi, domin damina ɗaya ba ta zama shaida. Na ce kada ya tsaya ga fadawa, ya sa a tambayi mata da 'yan garuwa da masu haƙar rijiya da makiyaya, su ne suka san wace rijiya ce ke da zartsi, wacce ce ba ta taɓa ƙafewa ba ko a farin 1973 da na 1984.

Gwajin guba kuwa sai ɗakin bincike, sau biyu a shekara, ƙarshen rani da ƙarshen damina. Jami'o'inmu suna yi, akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. A ɗebi ruwan a gaban wakilin kamfani da na gari, a raba shi biyu, kowa ya kai nasa inda ya amince. Sa'an nan a zauna da kamfani a tambaye shi lita nawa zai zuƙa a rana, ina zai zubar da shi, ina zai tara ɓaraguzan dutse da lakar da aka tace, kuma in aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya bangon tafkin lakar ya ɓalle, wane gari ne a gangare. Wannan ba zato ba ne, ya faru a Zambiya a watan Fabrairu na 2025, lakar mahaƙar tagulla mai asid ta shiga kogin Kafuwe har aka rufe famfon birnin Kitwe. A nemi ya haƙa burtsatsen sa ido tsakanin ramin da gari, wanda ba a shan ruwansa sai awo, makullinsa ɗaya a hannun gari. A kuma rubuta ƙarara, in rijiya ta sauka da gaba kaza, wa zai kawo ruwa, cikin kwana nawa.

Shugaban makaranta, ina da roƙo. Tsohuwar rijiyar da ke bayan ɗakin girki na ga tana nan, na leƙa ta da safe. Na zo da tef biyu da littafi, na damƙa su ga malamin kimiyya. In an yarda, ɗaliban aji huɗu su riƙa auna ta kowane wata, waɗanda suka fito daga ƙauyukan da ake haƙa kuma su koyi yadda ake yi su kai gida lokacin hutu. Kuɗin gwajin ruwan makaranta na shekarar farko ni zan biya, ma'aji ya rubuta. Wanda kuma takarda irin ta hakimi ta iso masa, sakatare yana da lambata, ya kira ni ko da dare ne.